Dashen Itatuwa da Hunturu: Yadda Za Ka Raya Lambu Har Tsuntsaye Su Saba da Shi

Duk manomin da ka tambaya zai ce maka dashe aikin damina ne, kuma gaskiyarsa. Wanda gonarsa take kan tudu, ba rijiya ba rafi, idan ya sa itace a ƙasa cikin Disamba to kuɗinsa ya zubar. Amma mai lambu a bakin fadama, ko mai rijiya a bayan gida da ba ta ƙafewa, hunturu yana ba shi abin da damina ba ta bayarwa. Rana ba ta da kaifin da za ta ƙona ɗanyen ganye, ciyawa ba ta danne dashe, ruwa ba ya kwanciya a rami ya ruɓar da saiwa, ga aikin gona ya lafa hannu ya samu sarari. Itacen da ya shiga ƙasa a Nuwamba ko Disamba yana da wata uku zuwa huɗu na kafa saiwa kafin bazara ta sauko, kuma lokacin da ruwan fari zai zuba ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Hunturun nan kuma shi ne lokacin baƙi. Tsuntsayen da suka tsere wa ƙanƙarar Turai suna ƙasarmu, daji ya bushe, duk wani abu mai rai yana neman inda ganye yake kore. Lambun da aka tsara da tunanin waɗannan baƙi ya fi wanda aka tsara don mangwaro kaɗai albarka, kuma aikin ɗaya ne, bambancin yana wajen abin da ka zaɓa ka dasa.

Fara da lissafin ruwa, kafin ka taɓa diga

Ba sanyin hunturu ke kashe dashe ba. Afrilu da Mayu ne ke kashe shi, lokacin da zafi a Kano, Sakkwato ko Maraɗi yake kai maki 40 har ya haura, rijiyoyi suka ja baya, ga kowa ya gaji. Saboda haka ba yawan ramin da za ka iya haƙawa yau za ka duba ba, yawan itacen da za ka iya shayarwa a ranar da ta fi kowace zafi za ka duba.

Ga ma'auni mai sauƙi. Sabon dashe yana son kimanin lita 10 kullum a makonni biyun farko. Daga nan lita 20 sau biyu a mako ya ishe shi har ƙarshen Fabrairu. Da bazara ta kama, sai ya koma sau uku. Idan itace 20 ka dasa, a bazara kana bukatar lita 1,200 duk mako, wato jarka 48 mai cin lita 25. Ka zauna ka tambayi kanka wa zai ɗauko su, kuma daga ina. In amsar ba ta fito ba, ka rage itatuwan zuwa goma ko biyar. Biyar da suka rayu sun fi hamsin da aka ɗauki hotonsu ranar dashe. A ƙasar jigawa mai rairayi ruwa yana saurin tsiyayewa, don haka a riƙa ba da kaɗan-kaɗan a kai a kai. A ƙasar laka kuwa a ba da mai yawa a jinkirta.

Abin da za a dasa, da inda za a sa shi

Mafi yawanmu idan aka ce dashe, abin da ke zuwa mana a rai shi ne mangwaro, gwaiba, lemo, sai darbejiya ko turare a kan iyaka. Na marmarin ba laifi, su ne kuɗin lambu. Inda nake so a sake tunani shi ne kan iyakar.

Darbejiya daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, turare kuma daga Ostireliya. Suna da saurin girma, suna da inuwa da azara, akuya ba ta cika damunsu ba, shi ya sa suka cika garuruwanmu. Amma ka tsaya ƙarƙashin turare da safe ka saurara, sannan ka je ƙarƙashin gawo ka saurara. Masana tsuntsaye daga ƙasar Holan, Leo Zwarts da abokan aikinsa, sun bi yankin Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace, kuma abin da suka wallafa a 2015 ya nuna cewa tsuntsayen da ke cin ƙwari, musamman baƙin Turai, sun fi taruwa a kan itatuwa masu ƙaya irin su gawo, aduwa da dangin bagaruwa, alhali darbejiya da turare kusan fayau suke. Dalilin a fili yake: itacen da ke kare kansa da ɗaci ko kaifin ƙamshi ƙwari ba sa zama a kansa, wanda ke kare kansa da ƙaya kuwa ganyensa abinci ne, inda ƙwari suke nan tsuntsu yake.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne itacen da ke juya wa kowa baya: da damina ya kakkaɓe ganyensa, hatsin da ke gindinsa ya sha rana, da ruwa ya ɗauke kuma ya yi sabon ganye ya yi fure, daidai lokacin da sauran daji ke tuɓewa. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da ke fakewa a inuwarsa da rani suna barin nasu takin, 'ya'yansa kuma da ke nuna daga Janairu zuwa Maris abincin tumaki ne da ake sayarwa a kasuwa. Duk wanda ya san gonakin Maraɗi da Damagaram ya san geron gindin gawo daban yake. Ga zuma kuwa, furensa yana zuwa ne lokacin da ba wani furen kirki a daji. Lambun da ya kai rabin kadada, a ganina, bai kamata a rasa gawo biyu ko uku a cikinsa ba.

Tsarin da zan ba da shawara shi ne kamar haka. Gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, a jera masu tare iska: bagaruwa, magarya, kurna, aduwa, a ɗan haɗe su taku uku zuwa huɗu. Magarya da kurna suna nuna da rani, yara su ci, tsuntsaye su ci, rassansu kuma su ne ƙayar shingenka nan gaba. Akwai magarya mai aure (wato wadda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wata) da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, wadda 'ya'yanta suka ninka na daji girma nesa ba kusa ba. In ka same ta ka riƙe. A tsakiya, inda ban ruwa ya fi sauƙi, a sa na marmari: mangwaro mita 10 tsakani, lemo mita 6 zuwa 7, gwaiba mita 5 zuwa 6. Zogale da gwanda su cike tsakanin kafin manyan su rufe. A kwari inda ruwa ke kwanciya da damina kada a kai lemo ko mangwaro. Nan wurin kanya ne da giginya da ɗinya, gwaiba ma takan jure. Sannan a can ƙurya, nesa da gini da rijiya, a sa ɓaure ɗaya. Saiwar ɓaure da cediya da durumi tana fasa katanga tana shiga rijiya, don haka a ba su akalla mita 15. Amma ranar da ɓaure ya nuna, babu itacen da ke tara baƙi kamarsa.

Kuka, tsamiya da ɗorawa ba sa sauri. A dasa su duk da haka, ko ɗaya-ɗaya ne. Waɗanda muke ci yau ba mu muka dasa ba.

Rami

Ka haƙa ramin mako ɗaya ko biyu kafin ranar dashe. Faɗi, tsawo da zurfi kowanne santimita 60, wato kamu ɗaya da 'yan kai. Ƙasar sama, mai duhu, ka tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa kuma ɗaya gefen. Idan ka ci karo da marmara ko tauri a ƙasan ramin ka fasa shi da dagi, in ba haka ba saiwa za ta murɗe a wuri ɗaya. Cika ramin da ruwa ka tafi. In ka dawo washegari ka tarar ruwan yana nan, wurin ba ya tsiyaya, ka sake wuri ko ka sake itace.

Haɗa ƙasar saman da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki da tafi biyu na toka, ka mayar cikin ramin, ka ba shi ruwa ya zauna. Ruɓaɓɓe fa, wanda ya yi baƙi ya daina zafi da wari. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara da gwazarma. Ƙasar ƙasan da ta rage, da ita za ka yi kunyar da za ta zagaye itacen ta riƙe ruwa.

Zaɓen dashe da sa shi a ƙasa

A wurin masu reno, kada tsawo ya ruɗe ka. Dogon dashe a ƙaramar leda ya daɗe a wurin, saiwarsa ta nannaɗe ko ta huda leda ta shiga ƙasa, in aka cisge shi an yanke masa jijiya. Nemi wanda tsawonsa yake tsakanin gwiwa da ƙugu, mai kauri, mai koren ganye, wanda ledarsa ke ɗaguwa ba gardama. In mai aure ne, ka duba gaɓar auren ta haɗe ta warke. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya kai shida ko fiye, kuma ba ka da tabbacin irin da zai fito. Dabino kuma a nemi 'ya'yan gindi daga uwar da aka san daɗinta, don na ƙwallo kusan rabinsu maza ne, ba za ka sani ba sai bayan shekaru. A Dutse akwai tashar binciken dabino inda za a iya neman shawara.

Da ka kawo su gida, ka ajiye su a inuwa kwana uku ko huɗu su huta. Dashen kansa da la'asar sakaliya ake yi, don itacen ya kwana cikin sanyi kafin ya ga rana. Jiƙa ledar tukuna. Buɗe gurbi a tsakiyar ramin daidai girmanta. Yanka gindin ledar da reza, ka tsaga gefenta, ka zare ta ba tare da ƙasar ta wargaje ba. In ka ga saiwa ta zagaye ƙasan, ka datse abin da ya nannaɗe. Zaunar da shi yadda wuyan itacen, wato inda ƙasar leda ta tsaya, zai yi daidai da fuskar ƙasa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: a binne wuya don ana ganin zai fi ƙarfi, sai ɓawon ya ruɓe a hankali, bayan wata biyu itace ya bushe a ce gara ce. Gaɓar aure kuwa ta kasance sama da ƙasa da akalla taƙi ɗaya. Danna ƙasar da tafin hannu, ka ba shi bokiti guda nan take. Kwashe ledojin ka fita da su, don akuya na haɗiye su.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafa sanda a gefen da iska ke fitowa ka ɗaure shi da tsumma, sako-sako, ba da waya ko igiyar roba ba.

Tulu, rufi da zana

Abubuwa uku ne ke rage maka wahalar ban ruwa sosai, kuma dukansu suna ƙauye.

Na farko tulu. Nemi tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba, irin mai yin raɓa a jiki. Binne shi har wuya kamar taƙi biyu daga gindin itacen, ka cika shi da ruwa, ka rufe bakin da tsingaro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha, iska ba ta sha. Bayan 'yan makonni in ka tone gefensa kaɗan za ka ga fararen saiwoyi sirara sun manne masa. Ka riƙa leƙawa kana cikawa duk kwana uku ko huɗu. Rufe bakin wajibi ne, saboda sauro da kuma ƙadangaru da ke faɗawa.

Na biyu rufi. Baza karmami, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a cikin kunyar, kaurin yatsu huɗu, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, ka barbaɗa toka a wannan tazarar. Gara za ta zo, babu makawa. Muddin tana da busasshen abin ci kuma itacen ba ya jin ƙishi, yawanci rufin za ta ci ta bar shi, ramukan da take yi ma suna shigar da ruwa ƙasa. Itacen da ya galabaita shi take kamawa. In ta fara gini a jikinsa, ka kankare, ka zuba toka da dakakken ƙwallon darbejiya.

Na uku zana. Iskar hunturu busasshiya ce, tana tsotse ganye fiye da yadda sabuwar saiwa ke iya mayarwa. Guntun zana ko darnin kara a gefen arewa maso gabas ya wadatar. Ƙurar da ke kwanciya a kan ganye kuma a riƙa wanke ta da yayyafi sau ɗaya a mako.

Akuya

Hunturu lokacin sakin dabbobi ne. An gama kaka, an kwance awaki da tumaki, shanu na bin karan gonaki, kuma dashenka shi kaɗai ne kore a wurin. Aikin wata uku akuya ɗaya za ta gama da shi kafin ka idar da sallar la'asar. Don haka kariya ranar dashe ake yin ta, ba gobe ba.

Kowane itace ya samu nasa kewaye ko da lambun yana da shinge: sanduna huɗu masu ƙarfi, a zagaye da ragar waya ko a saƙa ƙayar magarya, tsawo ya kai ƙirjin babban mutum, faɗi kuma yadda akuya ba za ta miƙa wuya ta kai ganye ba in ta ɗage ƙafafun gaba. Ƙayar a samo ta daga sassabe da rage rassa, kada a sare wani itacen don a kare wani. Shingen dindindin kuwa mai rai ya fi: aguwa, dashi da bini-da-zugu dukansu da reshe ake dasa su, kuma da rani suka fi kamawa, in aka sa su cikin ruwa ruɓewa suke. Yanke rassan, ka bar su a inuwa 'yan kwanaki bakin yankan ya bushe, sannan ka kafa su kusa da kusa. Lalle ma yana shinge mai kyau, ga kuɗi.

Ka kuma yi magana da maƙwabta da makiyayan da ke bi ta wurin tun kafin wani abu ya faru. Gaisuwa da bayani sun fi ƙara a gaban mai unguwa sauƙi. Sannan ka share ciyawa taku uku a bayan shinge, domin wannan ne lokacin ƙunar daji.

Wanda ba shi da ruwa

Shi ma hunturu ba lokacin zamansa ba ne. Yanzu ne iri yake nuna: gawo, aduwa, magarya, kanya, tsamiya, kuka. A tsinto daga itatuwa masu lafiya da yawa, ba daga guda ɗaya ba. Masu taurin ɓawo sai an taimake su: ƙwayar gawo da ta bagaruwa da ta kuka a ɗan kankare gefensu da wuƙa ko a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, ƙwallon magarya a fasa a ciro ƙwayar, tsamiya da aduwa a jiƙa su kwana ɗaya, zogale ba ya son komai. A shuka cikin leda a Fabrairu ko Maris, a inuwa, su kai dashe a Yuli. Bokiti biyu a rana ya ishi leda ɗari. A riƙa ɗaga ledojin duk mako biyu don kada saiwa ta kama ƙasa, musamman gawo mai saurin zura jijiya. Ramukan ma a haƙa su yanzu a zuba taki, irin tassar da manoman Tawa ke yi, iska ta tara musu ganye ruwan fari ya tarar da su a shirye.

Kafin ma ka sayi leda ɗaya, zagaya gonarka ka duba kututtura. Abin da ake sarewa duk shekara a ce sabara ce ko kalgo ko toho, saiwar tsohon itace ce mai rai a ƙasa. Zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, ka datse sauran, ka kare su. Wannan shi ne sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983, kuma ta wannan hanya aka kiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan kadada miliyan 5 a Nijar. Ba ya son ban ruwa ko kaɗan, kuma ya fi dashe saurin girma.

Baƙin da za ka gani

Abu mafi saurin kiran tsuntsu da rani shi ne ruwa. Ajiye kasko marar zurfi a inuwa, kusa da wata ƙaya da za su iya faɗawa in shaho ya kawo hari, amma ba inda kyanwa za ta laɓe ba. Sa tsakuwa da 'yan ƙirare a ciki don zuma ta samu wurin sauka, ka riƙa zubarwa kana sakewa duk kwana biyu saboda sauro. Cikin mako guda za ka ga sun gane. Kurciya ce ke fara zuwa da sassafe, ta dulmiya baki ta zuƙa ba ɗagowa. Tsada da bainu sukan zo a garke, su tsaya a bakin kaskon suna tsoma kai suna karkaɗa fiffike. Can da hantsi shaya ta sauko da sheƙinta ta kori kowa. Cilakowa, alhudahuda mai caccakar ƙasa yana zaro tsutsa, maƙwaƙwafi a jikin busasshen reshe, duk za su biyo baya yayin da itatuwan ke tasowa.

A cikinsu akwai waɗanda ba 'yan gida ba. Daga Satumba zuwa Afrilu ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa-ƙasa suna yawo cikin rassan gawo da aduwa suna tsintar ƙwari, ba ruwansu da hatsi. Da yawansu a Turai aka ƙyanƙyashe su, sun ratso teku da Sahara. Akwai wani mai farin maƙogwaro, nauyinsa kimanin giram 15, wanda a 1969 masu lura da tsuntsaye a Birtaniya suka ga kusan kashi uku cikin huɗu nasa bai koma ba. Da aka bincika, farin da ya faɗa wa Sahel ne ya cinye su. Wanda yake kusa da dausayin Haɗeja da Nguru, wajen Baturiya ko Dagona, ya san agwagin ruwan da ke cika wurin a wannan lokaci, su ma baƙin ne. Ƙananan kuwa itace suke nema, kuma a Maris da Afrilu sai sun yi ƙiba a kan ƙwari da 'ya'yan itace kafin su iya tsallake hamada. Gawon da ka dasa yana cikin abin da zai kai su gida.

Zuma da ƙudaje su ke ɗaukar garin furen mangwaro, wanda ke fure daidai tsakiyar hunturu. Don haka kada a yi feshin maganin ƙwari itace yana cikin fure; in ya zama dole a wani wurin, a bari sai magariba zuma ta koma. Mai son ɗora amya ya sa ta a ƙuryar lambu, nesa da hanya da turken dabbobi. Jemage da ake jifa shi ne ke yi wa kuka da ɗorawa da rimi wannan aikin da dare. Tutun ɗorawa da ke rataye ja-wur dominsa yake rataye haka. Bushiya tana fitowa bayan isha ta bi ƙarƙashin rufi tana cin ƙwari. Kwaɗi, ƙadangaru da hawainiya duk ma'aikata ne. Mujiya kuma, wadda camfi ya sa ake kashewa, ɓeraye take ci, kuma a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke tashi da rani wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A bar musu tarin duwatsu ko guntun kututture a wani lungu, a hana yara danƙo da tarko a cikin lambun, a gaya musu dalili.

Za su ci wani abu daga amfaninka, wannan gaskiya ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya shuka shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka a gare shi. Kuma a aikace, inda magarya da ɓaure suka wadata, matsin da ke kan gwaiba yana raguwa. 'Ya'yan da kake ji da su ka sa musu jakar takarda ko ta gidan sauro tun suna ɗanye. Wanda jemage ya ɓantara kuwa kada a ci, a binne shi.

Akwai baƙin da ake taka-tsantsan da su. Rufi da danshi suna jawo kunama da maciji, har da kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Kada a tura hannu cikin rufi, a juya shi da sanda. A sa takalmi mai rufi. Tarin duwatsun nan ya yi nesa da hanyar yara. In tsautsayi ya faɗa, asibiti kai tsaye, ba ɗauri ba tsaga. Gafiya da kurege sukan tone ƙwallon da aka shuka, zomo yakan gwaguyi ɓawon ƙaramin itace. Ragar waya mai ƙananan ido a gindi tana maganinsu. Tsuntsaye kuma sukan kawo kauci su manna a reshen lemo ko gwaiba. Da ka gan shi ka sare reshen ƙasa da inda ya kama, tun bai yi 'ya'ya ba.

Daga bazara zuwa ruwan fari

Da iska ta juya a Maris, ƙara ban ruwa zuwa sau uku a mako, da asuba ko da yamma, ka ƙara kaurin rufi, ka mayar da zanar gefen yamma inda ranar la'asar ke dukan itacen. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure ka cire shi, in ba haka ba uwar gindin za ta rinjayi auren. Furen da mangwaro ko lemo ya yi a shekarar farko a tsinke shi, ƙarfin ya tafi saiwa. Kada a sa takin zamani cikin wannan zafi.

Zuwan shamuwa da hadarin farko ba sa nufin a ajiye bokiti. Ruwan Mayu yakan zuba sau ɗaya ya ɗauke mako biyu ko uku, kuma a wannan tsakanin ake asarar itatuwan da suka tsallake bazara gaba ɗaya. Ci gaba da bayi har damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe zurfin kamu guda. Sannan ka fasa kunyar ta gefe ɗaya don ruwa ya riƙa wucewa, ka janye rufin daga wuyan itacen, ka sassauta ɗaurin sanda. Guraben da suka mutu ka cike su da abin da ka rena a leda cikin Yuli, kada ka wuce farkon Agusta. Kewayen kuwa yana nan har sai rassan ƙasa sun fi ƙarfin bakin akuya, wanda ga yawancin itatuwan nan shekara uku ne.